Fitilar Bayan Keke: Wadda Za Ta Kai Mai Ita Gida Ita Ce Abin Saye

Duk wanda ya saba bin hanyar Sakkwato, wadda ta tashi daga Kwangila ta ratsa Samaru a Zariya, a daidai lokacin da ake kiran sallar magariba, ya san irin cunkoson da akan yi a kanta. Tireloli da tankokin mai masu nufin Funtuwa da Gusau suna tafe, motocin haya suna rige-rigen fasinja, 'yan acaɓa suna kurɗawa ta kowace kafa. A can gefen kwalta kuwa ga masu kekuna a jere: masinjoji da akawunan Jami'ar Ahmadu Bello da aiki ya tsare har yamma, da ɗalibai da suka fito daga laburare, da 'yan tireda masu komawa gida da sauran kayansu a kariya. Da yawa daga cikinsu babu wata fitila a jikin kekunansu. Wanda ya ɗan yi ƙoƙari shi ne wanda ya kunna tocilar wayarsa ya riƙe da hannu ɗaya yana haska gabansa. Bayansa kuwa, inda motocin suke ɓullowa, duhu ne kawai.

Wannan al'amari ya ƙara yawa tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, lokacin da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki kuɗin lita ɗaya ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ya haura naira 1,000. Ma'aikata da ɗalibai da dama suka jingine babura, suka kakkaɓe kekunan da suka daɗe a zaure. Komawa ga keke dabara ce mai kyau, amma titin da aka komo masa ba irin wanda iyaye suka sani ba ne a zamanin da En'e ke ba ma'aikata bashin keke. Motoci sun yawaita, gudunsu ya ƙaru, kuma ba ko'ina ne fitilun titi suke ci ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa mutane kimanin miliyan 1.19 ne suke rasa rayukansu a haɗurran hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu kekuna da masu babura. Haɗarin bai bar babba ba, bai bar yaro ba. Tsohon Ministan Sufuri, marigayi Ojo Maduekwe, wanda ya yi ta kiran jama'a su rungumi keke a farkon shekarun 2000, shi kansa wata bas ta tura shi cikin lambatu yana kan kekensa a hanyar zuwa aiki. Idan haka ta faru da minista, to, akawun da ke tafe cikin duhu ba shi da dalilin sakin jiki.

Daga danja zuwa fitilar caji

Dattawan da suka hau keken Raleigh sun san danja, wato jan gilashin nan da ke maƙale a bayan keke, wanda yake walƙiya idan hasken mota ya faɗa masa. Sun kuma san dainamo, wanda yake gogar taya yana ba da wuta. Kowannensu yana da amfaninsa da kasawarsa. Danja ba ta bukatar batir, amma ba ta da hasken kanta, sai fitilar mota ta same ta sosai kafin ta nuna, motar da fitilarta ɗaya ta mutu kuwa, ko wadda ta ɓullo daga kwana, ba lalle ta haska ta a kan lokaci ba. Dainamo irin na da kuma yakan mutu da zarar an tsaya, wato a mahaɗar hanya, inda aka fi bukatarsa, kuma yakan zame a kan taya idan ana ruwa.

Abubuwa biyu ne suka kawo fitilar caji. Na farko shi ne ƙwan lantarki mai suna LED, wanda Nick Holonyak ya ƙera jansa a kamfanin General Electric na Amurka a 1962, wanda kuma yake ba da haske mai yawa da wuta kaɗan. Na biyu shi ne batirin litiyam, irin wanda ke cikin wayoyin hannu, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayarwa a 1991. Haɗuwar waɗannan ta sa a yau fitilar da ba ta kai girman akwatin ashana ba tana iya ba da jan hasken da direba zai hango daga nesa ƙwarai, kuma da cajar waya ake cika ta.

Launin kuwa ba abin zaɓe ba ne. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanyoyi da aka ƙulla a birnin Biyana a 1968, wadda Nijeriya ta shiga a 2018, ta tanadi cewa keke ya kasance da birki da ƙararrawa da jar danja a baya, da farin haske ko rawaya a gaba, da jan haske a baya. Ja a idon direba yana nufin bayan abin hawa. Wanda ya ɗaura farar tocila a bayan kekensa zai sa direba ya zaci wani ne ke tahowa, shuɗin haske kuma an san shi ne da motocin 'yan sanda da na gaggawa.

Lissafin daƙiƙoƙi

Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Littafin dokokin hanya na Ingila ya ƙiyasta cewa ƙaramar mota mai lafiyayyen birki, a busasshiyar hanya, tana bukatar mita 53 kafin ta tsaya daga wannan gudu. Tirelar da ta yi lodin siminti tana bukatar fiye da haka nesa ba kusa ba. Idan mai keke yana tafiyar kilomita 15 a sa'a, motar tana cim masa da mita 18 a kowace daƙiƙa. Direban da bai hango shi ba sai da ya rage mita 30 yana da ƙasa da daƙiƙa 2 ya gane abin da ke gabansa, ya yanke shawara, ya kauce. Wanda ya hango jan haske tun daga mita 300 yana da fiye da daƙiƙa 15. Wannan bambanci shi ne abin da mai sayen fitila yake biyan kuɗi dominsa.

A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya almuru ba ya daɗewa. A Zariya ko Kano, tsakanin faɗuwar rana da shigar duhu bai kai rabin sa'a ba, a watan Disamba kuma rana takan faɗi da ƙarfe 6 da 'yan mintoci. Saboda haka ma'aikacin da ya bar Samaru ido na ganin ido zai iya isa Tudun Wada ko cikin birni, tafiyar fiye da kilomita 10, a cikin duhu. Ga kuma hazon hunturu da ke rage gani ko da rana tsaka. Wani bincike da aka yi a birnin Odense na ƙasar Danmak a kan masu keke 3,845, wanda aka buga a 2013, ya nuna cewa waɗanda kekunansu ke da fitila mai ci dare da rana sun sami ragin haɗari mai rauni da kashi 19 cikin 100. Ke nan kunna fitila a ranar hazo ba ɓarna ba ce.

Lambar da ke jikin kwali

Babban bambancin fitilar baya da ta gaba shi ne mai keke ba ya ganinta. Idan ta gaba ta mutu, nan take zai sani. Ta baya kuwa tana iya mutuwa tun a Kwangila, mai ita ya ci gaba da tafiya cikin natsuwa yana zaton ana ganinsa, alhali kuwa ba ya da bambanci da wanda bai taɓa sayen fitila ba. Don haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci a gaban mai shago ita ce ko wannan fitila za ta ci gaba da ci har mai ita ya shiga gida, yau da gobe da jibi.

Masu sayarwa sun fi son nuna ƙarfin haske, wanda ake aunawa da ma'aunin lumen. Ga fitilar baya da dare, lumen 20 zuwa 50 sukan wadatar. Mai son a gan shi da rana cikin hazo zai bukaci wajen 100. Abin da ya wuce haka da dare yana iya kashe idon wanda ke biye, ya kuma cinye batir da sauri. Akwai wata dabara da ya kamata mai saye ya lura da ita. Sau da yawa lambar haske da aka rubuta a kwali ta mataki mafi ƙarfi ce, yawan sa'o'in da aka rubuta kuma na mataki mafi rauni ne. Fitilar da aka ce tana da lumen 100 kuma tana yin sa'a 20 ba ta yin duka biyun a lokaci guda. Kamfanin kirki yakan jera kowane mataki da haskensa da sa'o'insa, rashin wannan jeri kuwa alama ce ta a yi hattara.

Bugu da ƙari, yadda hasken ya bazu ya fi tsananinsa amfani. Fitilar da ke harba haske kai tsaye kamar tocila, wanda ke daidai bayanta kaɗai ke ganinta. Wadda gilashinta ya zagayo gefe da gefe tana bayyana ga motar da ke fitowa daga lungu ko ke shiga shataletale, inda yawancin karo tsakanin mota da keke a cikin gari yake aukuwa.

Batir da wutar da ba ta da tabbas

Girman batir ana rubuta shi da haruffan mAh. Wayar hannu ta yau takan ɗauki wajen 5,000, fitilar bayan keke kuwa 'yan ɗaruruwa ne. Lissafin mai sauƙi ne. Misali, batir mai 500 da ke ba da 100 a kowace sa'a zai yi sa'a 5, idan aka ɗaga hasken ya koma shan 250 kuwa, sa'a 2 kawai zai yi. Ma'aikacin da ke tafiyar sa'a ɗaya a duhu kullum, daga Litinin zuwa Juma'a, yana bukatar fitilar da ke yin aƙalla sa'a 5 a matakin da zai riƙa amfani da shi, domin unguwar da aka ɗauke wa wuta ranar Talata ba wanda ya san ranar da za a maido mata. Gara ma a ƙara rara a kan wannan, saboda batirin litiyam yana raguwa da tsufa, bayan caji 300 zuwa 500 yakan rasa wajen kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinsa.

Har ila yau, wajibi ne fitilar ta kasance da alamar da ke nuna caji ya yi ƙasa, wato ɗan ƙaramin haske da ke canja launi kafin batir ya ƙare. Waɗansu masu kyau sukan rage haskensu da kansu idan batir ya kusa ƙarewa domin su ƙara jan lokaci, maimakon su mutu farat ɗaya. Sai kuma kafar caji. Tsohuwar kafa ita ce Micro-USB, sabuwar kuwa USB-C, wadda Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin wayoyi tun daga ƙarshen Disamba na 2024, kuma yawancin sababbin wayoyi da ita suke zuwa. Hikima ita ce mutum ya sayi fitilar da kafarta ta yi daidai da ta wayarsa, ta yadda igiya ɗaya za ta yi masa aiki a ofis, ko a ɗakin kwanan ɗalibai, ko a rumfar mai cajin waya, ko a jikin fawa bank.

Zafi shi ne babban abokin gabar wannan batir. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 ko fiye a Kano da Sakkwato da Maiduguri, fitilar da aka bari a jikin keke cikin rana daga safe har la'asar tana tsufa da wuri. A cire ta a sa a aljihu ko a aljihun tebur, wanda hakan kuma ya raba ta da ɓarayi. Kada a bar ta babu caji wata da watanni, kamar lokacin dogon hutun makaranta, domin tana iya ƙin tashi. Kada a yi cajinta a kan katifa ko ƙarƙashin matashi. Wadda ta kumbura ko take zafi fiye da kima a daina amfani da ita, kuma kada a jefa ta a bolar da ake cinna wa wuta, domin batirin litiyam yana fashewa.

Ƙura, ruwa da wurin ɗauri

Fitilar keke a arewa tana fama da ƙura rabin shekara, ruwa kuma rabin shekara, kuma a bayan keke take, inda taya ke watso taɓo. Akwai ma'aunin da duniya ta amince da shi, wanda ake rubutawa da haruffan IP da lambobi biyu. Ta farko ta ƙura ce, 5 na nufin ƙura ba za ta hana ta aiki ba, 6 na nufin ba ta shiga ko kaɗan. Ta biyu ta ruwa ce, 4 na nufin tana jure fantsama, 5 da 6 tana jure feshi, 7 kuma tana jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya har minti 30. Idan aka ga harafin X a gurbin lamba, kamar IPX4, ba a gwada wannan ɓangaren ba ne. Kada a sayi abin da ya gaza IPX4, idan kuma aka sami IP65 ya fi dacewa da ƙasa mai hunturu. Ƙaramin murfin roba da ke toshe kafar caji shi ne ƙofar da ruwa da ƙura ke bi, don haka a duba ko yana zama daram.

Wurin ɗauri ma abin tunani ne, domin masu ƙera waɗannan fitilu sun yi su ne da tunanin mahayi mai matsattsun tufafi da keke marar kaya. Yawancinsu a ƙarfen da ke ƙarƙashin sirdi ake ɗaura su. A nan kuwa babbar riga ko jallabiya tana saukowa ta rufe wurin gaba ɗaya, haka ma buhun masara ko jakar littattafai ko yaron da aka goya a kariya. Fitilar da riga ta rufe daidai take da wadda ba a kunna ba. Mai irin wannan keke ya nemi fitilar da za ta ɗauru a ƙarshen kariya, ko ya sa mai gyaran keke ya yi mata mazauni da ɗan ƙarfe da noti. A daidaita ta tana kallon baya sak, kada ta kalli ƙasa ko sama. Maɗaurin roba yana da sauƙin cirewa, amma rana tana busar da shi ya tsinke, ramukan hanya kuma suna girgiza fitila ta faɗi ba a sani ba. Wanda ya sayi mai roba ya riƙa duba ta, ya kuma tanadi wata.

Ƙiftawa ko tsayawa

Kusan kowace fitila tana da matakin ƙiftawa da na tsayayyen haske, kuma ƙasashe sun saɓa a kan wanda ya fi. Ingila ta halatta fitila mai ƙiftawa a jikin keke a 2005, da sharaɗin ta ƙifta sau 60 zuwa 240 a minti. Jamus kuwa ta hana a ɗaura mai ƙiftawa a jikin keke. Kowane ɓangare yana da hujja. Ƙiftawa tana jan ido a cikin gari inda fitilu suka yi yawa, tana kuma tsimin batir. Tsayayyen haske ya fi taimakon direba ya ƙiyasta nisan keken da saurinsa, musamman a hanyar da babu fitilun titi. Saboda haka da rana ko cikin hazo ƙiftawa ta fi, a baƙin duhun hanyar bayan gari kuwa tsayayye ya fi. Akwai fitilu masu matakin da ya haɗa biyun, hasken yana ƙaruwa yana raguwa ba tare da ya ɗauke ba, wannan shi ne madaidaici ga mai fitila ɗaya.

A kasuwa akwai masu ƙarin fasaha. Waɗansu suna ƙara haske idan aka ja birki, kamfanin Garmin ma ya fito da wata a 2015 mai na'urar hango motar da ke tahowa daga nisan mita 140 ta gargaɗi mahayi. Waɗannan ba su zama dole ga mai ƙaramin albashi ba. Da mutum ya zuba kuɗinsa a kan guda ɗaya mai tsada, gara ya sayi matsakaita biyu, ɗaya tsayayya ɗaya mai ƙiftawa, domin da wuya su mutu a dare ɗaya.

Kafin a miƙa kuɗi

Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar nagarta ba ce a kasuwar da jabu ya yi yawa. Mai saye ya kunna fitilar a shago ya bi matakanta ɗaya bayan ɗaya, ya sa caja ya ga ko tana karɓa, ya girgiza ta ya ji ko wani abu na motsi a ciki, ya kuma nemi alkawarin canji idan ta gaza. Da ya isa gida ya cika ta, ya kunna ta a matakin da zai riƙa amfani da shi, ya duba agogo har ta mutu. Abin da agogo ya nuna shi ne gaskiyar fitilar, ba abin da kwali ya faɗa ba. Da dare kuma ya ba wani keken ya tafi da shi, sanye da irin tufafin da ya saba sawa, shi kuma ya tsaya daga nesa ya ga abin da direba zai gani.

Bayan duk wannan, kada a cire danja don an sayi fitila, domin ita ce ke saura a ranar da batir ya ci amana. A goge ta, a maye gurbin wadda ta fashe, a bar masu walƙiyar da ke jikin feda. Binciken da aka yi a Ostireliya ya nuna cewa abin walƙiya da aka ɗaura a idon sawu da gwiwa yana sa direba ya gane mai keke da wuri fiye da rigar walƙiya kaɗai, saboda motsin ƙafa yana nuna masa cewa mutum ne. Farar riga ma ta fi baƙa da dare.

Nauyin bai tsaya a kan mahayi kaɗai ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da hukumomin makarantu da ƙungiyoyin ma'aikata suna iya sa batun fitilar keke cikin wayar da kan da suke yi, musamman a ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa keke tun 2018. Ƙungiyoyin adashi na ofisoshi suna iya sayo masu inganci da yawa su raba wa 'ya'yansu a kan sauƙi. Direbobi kuma su tuna cewa ɗan jan hasken nan da ke gefen hanya magidanci ne ko ɗan wani. Ga mai keke kuwa, al'ada ɗaya ta rage: kamar yadda yake matsa taya da yatsa kafin ya hau, haka zai kunna fitilarsa, ya zagaya bayan keke ya gan ta da idonsa tana ci, sannan ya kama hanya. Rigakafi dai ya fi magani.